Rigunan da ke Cikin Akwati

Jirgin fito ɗaya ne ke haɗa tsibirin da tsallake, kuma na kawun Malama ne. Da safen nan iska ta taso, ruwa na dukan katakon jirgin, ga ɗalibanta sun yi layi da fensira a hannu, za su haye rubuta jarrabawar ƙarshe. Wanda ya makara sai baɗi.

"Kawu, a fito da rigunan kariya," in ji Malama.

Yana zuba wa inji mai, ko ɗagowa bai yi ba. "Na ranar da masu duba jirgi za su zo ne. In yaran nan suka shafa musu majina, me zan nuna?"

Rigunan na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin benci, an danna musu kwaɗo tun ranar da aka raba su. Kowa a tsibirin ya sani, amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke.

"Ruwa ai ba ya jiran masu dubawa, Kawu."

"Ji 'yar boko! A kan bencin nan uwarki ta yi naƙudarki, wace riga ta sa?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Wata mai kifi ta ce, "Haba 'yar nan, rana na yi. Abin da Allah Ya rubuta ai ba ya kankaruwa."

Malama ta dubi agogo, ta dubi yaran. Rabinsu ba su iya iyo ba.

"Kada wanda ya taka jirgin nan," ta ce musu. "Ina makullin, Kawu?"

"Yana gida."

Ta sunkuya ta ɗauki gudumar da ke cikin kayan gyaran inji. Ba ta taɓa yi wa ƙanin mahaifiyarta musu a gaban mutane ba. Ta yi ta dukan kwaɗon har ya tsage. Rigunan na nan sababbi fil a ledarsu. Ta shiga yage leda tana miƙa wa yara.

"Yau sai uwarki ta ji wannan rashin kunya!" in ji Kawu.

"Ni zan fara gaya mata."

Ya tsaya yana huci. Can ya ga wata ƙaramar yarinya ta sa tata a baibai, tana kokawa da igiya. Ya ja tsaki, ya durƙusa ya juya mata rigar, ya ɗaure tamau.

"In za a sa, a sa daidai," ya ce. "Ku shiga, ku cinye min jirgin!"

Ya ja igiyar inji.