Asubar Emama Askale

"Ba za a faɗa mata ba," in ji Ato Gebeyehu, shugaban ƙungiyar jana'iza ta unguwarmu. "Matar da ko kofi ba ya zama a cikinta? Kashe ta za mu yi."

Muna tsaye ne a bakin katangata. Da yammar ranar wani soja ya kawo labari: an harbo jirgin saman Sileshi, ɗan Emama Askale, a arewa, ba a tsinci komai ba.

Ni na koya wa Sileshi lissafi. Shekarar da ya gama jami'a ana bin unguwa-unguwa ana kwasar samari zuwa bakin daga. Ya zo ya same ni ya ce, "Malam, tunda ba makawa, gara in kai kaina sojan sama kafin su zo su rataya min bindiga." Uwarsa ta ce, "Kai da ko bishiyar lemo ba ka iya hawa?" Ya tafi, ya kuwa zama matuƙin jirgi a sansanin da ke gefen garinmu, Debre Zeit. Duk jirgin da ya gifta sai ta fito, hannu a goshi, ta ce nasa ne.

Yanzu ciwo ya kwantar da ita, kuma shi kaɗai ta haifa.

A wurinmu ba a faɗin mutuwa da rana ko da dare. Dattawa ne ke zuwa da asuba su ƙwanƙwasa ƙofa, don mutum ya sami barcinsa kafin ya ji. Saboda haka da muka yanke shawarar yin shiru, kowa ya guji ƙofarta da safe, kada ta ji motsi gabanta ya faɗi. Har Tiruye, maƙwabciyar da ta saba shiga da sassafe da garwashi ta dafa musu kofi, ta koma zuwa da rana.

Ranar Lahadi na leƙa gidanta bayan an tashi daga coci. Tana kwance kusa da taga.

"Malam, zauna. Me na yi wa unguwa?"

"Me kika gani, Emama?"

"Tiruye mana. Tun ina amarya take tada ni da surutu, zakara ma bai kai ta ba. Yanzu sai rana ta take. Gebeyehu kuma in zai wuce da safe sai ya tsallaka titi, yana jan ƙafar nan tasa. Ta taga nake kallonsa."

Tiruye tana fifita garwashi ta ce, "Ciwon baya ne, 'yar uwa."

"Ciwon bayan da rana ke warkarwa? Ke dai har ki mutu ba za ki iya ƙarya ba."

Jirgi ya wuce, kwanon rufi ya yi rawa. Ba ta ɗaga kai ba.

"Malam," ta ce, "kada ka faɗa min yanzu, da rana tsaka, kamar labarin akuya ta ɓata. Ɗana ba tsintacce ba ne. Ku zo gobe, ku yi yadda ake yi. Ka ce wa Gebeyehu ya yafa mayafinsa na kirki."

Na ce to.

Da asuba muka taru a ƙofarta, Ato Gebeyehu a gaba, ni da limamin cocinmu a bayansa, mata daga baya. Ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya tura, ashe ba a sa sakata ba.

Tana zaune a kujera, jingine da bango. Ta yafa farin mayafi, ta juya bakinsa mai ado sama yadda mata ke yi in suna makoki. Yadda ta iya tashi ta shirya, ban sani ba. Tiruye ta taɓa hannunta, ta ji ya riga ya yi sanyi, ta dube mu, ta girgiza kai.

Ato Gebeyehu ya cire hula. Ya gyara mayafinsa, ya tsaya a gabanta, ya faɗa mata duk da haka.

"Emama Askale, ki yi haƙuri. Sileshi ya huta."

A kan faranti ƙananan kofunan shan kofi ne a jere, an wanke an kife su. Tiruye ta durƙusa tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya.