Amfilifayar Auta

Tun ranar da 'yarsa Auta ta kawo masa waƙoƙin da ita da wasu makaɗa suka ɗauka a situdiyo, mai gyaran rediyo bai ƙara kunna labarai a shagonsa ba. Sai ya jingina waya a jikin gwangwanin kusoshi, ya ɗauki ƙarfen dalma, hayaƙi na tashi siriri, jitar 'yarsa kuma tana zagaya shagon a hankali kamar baƙuwa mai neman wurin zama. Wani lokaci dalma kan daskare a gabansa bai sani ba, hankalinsa ya bi sautin ya fita ta taga, ya haye rufin maƙwabta.

Amfilifayar da ta ba da wannan murya, wato akwatin da ke ƙara wa jita sauti, shi ya tsinto ta wurin masu tsofaffin ƙarafa. 'Yar ƙarama ce, mutum na iya rungumarta da hannu ɗaya. Wata biyu ya yi yana canza mata wayoyi, har ƙananan kwalaben da ke cikinta suka koma yin ja idan ta ɗumama. A situdiyo an ajiye ta a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, aka kanga mata makirufo dab da baki, ta yi ta raɗa, raɗar kuwa ta fito kamar zuma.

Yau da la'asar ne makaɗan za su yi wasa, a babban ɗakin taro mai kujera ɗari takwas. Shugaban makaɗan ya faɗa wa Auta gaskiya: mai jitarsu ya bar su, suna neman wanda za su tafi zagayen garuruwa da shi. Idan ta yi abin kirki yau, gurbin nata ne. Idan ba haka ba, akwai wasu biyu suna jira.

Da rana tsaka uban ya rufe shago ya tafi wurin gwaji. Ya tarar da Dogo, mai kula da na'urorin sauti, tsaye a kan 'yar amfilifayar yana riƙe da ƙugu.

"Baba, kai ne ka haifi wannan 'yar tsanar?" in ji Dogo. "Ka yi wa 'yarka magana. Manyan masu jita ma ƙarama suke ɗauka da ita a situdiyo, amma in an zo dandali sai su hau babba. Ga tawa can, ta kai tsayin firji, ta ce ba ta so."

"Taka ihu take yi, ba waƙa ba," in ji Auta. "Ka sa mata makirufo kawai, ka ji."

"To, ranki ya daɗe. Ni dai ɗan aike ne."

Ya kanga makirufon, ya koma wurin na'urarsa. Auta ta taɓa tsirkiya ɗaya.

Sautin ya tashi cikin ɗakin da ba kowa, ya bi layin kujeru, ya taɓa bangon baya ya dawo, ya haɗu da wanda ke bin sa. Hasken rana na zubowa ta manyan tagogi, sai uban ya ga kamar hasken ne ke kaɗawa. Masu jera kujeru suka tsaya cak. Shi kansa Dogo ya cire hannu daga na'ura. Auta ta rufe ido tana murmushi, irin murmushin da take yi cikin barci tun tana goye.

Uban kuwa gabansa ne ya faɗi. Kafin ya buɗe shago, shekara tara ya yi yana ɗaura lasifika a wuraren taro, ya san abin da ɗaki ke yi wa mutum. Ɗakin da ba kowa yakan yi wa sauti ado. Da zarar jama'a sun cika shi, jikinsu da tufafinsu sai su shanye kaifin muryar, su bar kaurin kawai.

Ya hau dandalin a hankali. "Auta, ƙara mata kaifi. Murɗa maɓallin tsakiyan nan ya wuce rabi."

"Baba, ba ka ji yadda take ba?"

"Na ji. Murɗa dai."

Ta murɗa, ta kaɗa. Sautin ya fito tsau, kamar an buga cokali a faranti. Ta yamutsa fuska ta mayar da shi inda yake.

"Haba Baba! So kake a ce gwangwani na zo da shi?"

Sai uban ya tuɓe rigarsa ta sama, ya sauka, ya je gaban lasifikar da ke gefen dandalin ya baza rigar da hannu biyu, ya tsaya daga shi sai singileti.

"Kaɗa yanzu."

Ta kaɗa. Muryar ta dushe kamar mai magana da bargo a ka.

"Riga ɗaya ke nan da tsoho ɗaya," in ji shi. "In sun zama ɗari takwas fa?"

Dogo ya tuntsire da dariya. "Baba, wallahi da na san za ka tuɓe da na sayar da tikiti! Amma gaskiya ya faɗa, ƙanwata. Ni daga nan zan iya ƙara miki ƙarfi, abin da ba ki aiko mini ba kuwa ba ni da inda zan samo shi."

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar jitar. Ba ta taɓa maɓallin ba.

Da jama'a suka fara shigowa, uban ya ƙi kujerar gaba da aka ajiye masa, ya je layin ƙarshe ya zauna kusa da ƙofa. Yana kallon manyan riguna da mayafai suna cika ɗakin, kowane ɗaya ji yake kamar an ɗora masa a ƙirji.

Aka fara. Ganga ta iso inda yake, muryar shugaban ta iso. Jitar kuwa can nesa take, kamar ana kaɗa ta a ƙarƙashin ruwa. Yana ganin yatsun 'yarsa suna gudu, amma abin da suke faɗa bai wuce layi na goma ba. Shugaban ya waiga ya dube ta sau ɗaya. Ya sake waigawa. Uban ya damƙe gwiwoyinsa, bakinsa na motsi da addu'a.

A tsakiyar waƙa ta biyu Auta ta ɗaga kai ta dubi ɗakin, tun daga gaba har baya. Sannan ta ja da baya taku biyu, ta sunkuya, ta murɗa maɓallin.

Sautin ya taso ya bi ta saman kawuna, ya iso layin ƙarshe da ɗuminsa, ba tsau ɗin ɗazu, ba dushewa. Jama'a sun shanye abin da za su shanye, abin da ya rage shi ne muryar nan ta shago. Wata mata kusa da shi ta daina fifita. Shugaban ya matsa gefe, ya miƙa hannu wajen Auta, ya bar mata filin. Uban bai san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Ya dai ga kamar rufin ya ɗaga sama kaɗan.

Bayan an tashi, yana tsaye a bakin dandali ya ji shugaban na ce mata, "Jibi da safe mota za ta tashi. Ki zo da 'yar tsanar taki."

Auta ta juyo tana neman idonsa. Shi kuwa tuni ya durƙusa a bayan amfilifayar yana taɓa kwalaben da bayan yatsa, yana tunanin ramukan hanya, da wane bargo zai naɗe ta, da wanda zai duba ta idan ta yi shiru a garin da ba shi.