Kujera Ɗaya a Motar Ƴan Abijan

Tun da motar ta tsaya a ƙofar gida Raƙiya ta ga abin da bai kwanta mata ba. Doguwar mota ce fara, haya aka ɗauko ta daga Tawa, kowace kujera da mutum, sai ɗaya ta bakin ƙofa da aka bari wayam. Wani ƙaton saurayi mai gajeren wando ya sauko yana ƙunƙuni, wai an sa ya bar matarsa a otel don babu wuri, ga kuwa wuri nan ya yi ta kallonsa tun daga Tawa har bayan Barmu. Raƙiya ta ce a ranta, wannan kujera da mai ita, kuma ba daga Tawa zai hau ba.

Baƙin ƴaƴan mutanen Adar ne da aka haifa a Abijan, sun zo hutu su ga ƙasar iyayensu. Wanda ya jawo su Alhaji Hasan ne, tsohon abokin ci-ranin mijinta Yunusu. Tare suka yi dako a can suna samari. Hasan ya zauna ya yi shago ya yi tumbi, Yunusu kuwa ya dawo da tari a ƙirji, wanda har yau in ya tashi masa sai an dafa masa baya. Ran da ya dawo ɗin, a gaban ƴan'uwansa ya ce ya gama tafiya, ko jakarsa shuɗiya ya ce ya ba wani a tasha. Raƙiya ta riƙe wannan magana da kyau. Wanta a can ya mutu, ba wanda ya san kabarinsa a cikin dangi, ba ta kuwa yi niyyar a ƙara mata da miji ba. To amma daminar bana ta tsaya tun hatsi bai gama ido ba, kuma kun san abin da mazan Adar ke yi in damina ta yi haka: sai ci-rani.

Kafin su shiga gida Alhaji Hasan ya tara mutanensa a gindin itacen bedi yana yi musu karatu, kamar maître da ƴan lakwal, wato malami da ƴan makaranta.

"Ku saurara. Nan ba Abijan ba ne. Ba mai ɗaukar hoton kowa sai ya gaishe shi ya tambaya. Gaisuwar ma a yi ta doguwa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, ba bonjur a wuce ba. Abin da aka miƙo muku ku karɓa da dama, ko ba ku ci ku taɓa a baki. Takalmi ba ya hawa tabarma. Inda aka ga ɗaya, nan za a ga kowa, ba mai ɓallewa shi kaɗai. Abin da masu gida suka ce, shi ke nan, ba gardama. Kuma rumbun mutum ba a leƙa shi."

"Don mi, Tonton?" in ji wata doguwar yarinya, Balkisa, wadda salularta ba ta barin hannunta. Tonton suke ce masa, wato kawu.

"Don haka aka taras. Ko matar gida ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi ke hawa, ya hiddo dami ya ba ta. Asirinsa ne."

Raƙiya na bayan zana tana ji. Karatun ya yi kyau, sai dai ta lura wajen maganar rumbu ya fi ɗaga murya, har ya waiwayi Yunusu. Yunusu kuma ya sunkuyar da kai yana gyaran hula wadda ba abin da ya same ta.

Aka shigo da matan cikin gida, maza suka zauna a zaure. Ba a jima ba karatun ya fara zubewa. Ƙaton nan, Isufu, ya taka tabarmar baƙi da takalmansa masu kama da na ƴan ƙwallo. Da aka kawo hura a ƙwarya ya tambaya ko da ruwan rijiya aka dama, ya ce shi cikinsa na pampo ne. Alhaji Hasan ya harare shi, ya ɗauki ludayi ya taɓa a leɓe kamar magani. Wasu na son a je dutse a ga gari daga sama, wasu na son a koma Tawa kafin masu kilishi su tashi, wata kuma ta ce ita an yi mata alkawarin raƙumi. A cikin gida Balkisa ta zauna kusa da Raƙiya ta ce, "Tanti, yara nawa gare ki?"

"Waɗanda Allah ya ba ni, ɗiyata. Kuma nan Inna ake cewa."

Jannatu maƙwabciya ta tuntsire da dariya. Ita dama ba a gayyace ta ba, aron maburgi ta zo tun hantsi, kuma maburgin na hannunta ba ta tafi ba. Jannatu in ta ji abu da azahar, kafin la'asar ƴan kasuwar Kalfu sun ƙara masa gishiri.

Raƙiya na hidima, amma kunnenta na zaure. Sau biyu ta aika da ruwa, sau ɗaya ta kai da kanta. Da ta doso, hirar Yunusu da Hasan ta mutu, suka kama zancen farashin albasa. Yunusu bai taɓa shuka albasa ba a rayuwarsa. Abin da kunnenta ya tsinto kafin su yi shiru shi ne "gadi kawai, ba ɗaukar kaya." Ta ajiye ruwa ta ce, "Alhaji, wai kujerar nan ta wa ce, da kuka hana matar yaro?"

"A'a, matarmu, har kin ƙirga mana kujeru? Direba ne ya ce taya ba ta son nauyi."

"To Allah ya ba taya lahiya," in ji ta.

Da aka kira azahar maza suka tafi masallaci, har da Isufu, wanda aka ara wa zane ya rufe gwiwa. Raƙiya ta shiga madafa ta duba tukunya. Tana kwashe tuwo ta ji matan sun yi wani irin shiru, sannan muryar Jannatu a hankali, mai daɗi kamar ta mai lallashin yaro: "Hau mana, ɗiyata, ai tsani mai ƙwari ne."

Ta fito da mara a hannu. Ga Balkisa can saman tsani a jikin rumbun Yunusu, ta ɗage hular rumbun da hannu ɗaya, ta zura salula ciki da ɗayan. Haske ya walƙa. Ta sauko tana murna, Jannatu kuwa har ta miƙa wuya, maburgi a hammata.

Raƙiya ba ta yi gudu ba, amma ba wanda ya ga lokacin da ta iso. Ta karɓe salular kamar mai karɓar wuƙa a hannun jariri.

"Zo ki nuna mini a ɗaki, idona ba ya gani cikin rana."

"Mu ma mu gani mana," in ji Jannatu.

"Ke tuwonki na jiran maburgi."

A ɗaki ta tsaya da abin a hannu. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin cikin rumbun ba, uwarta ma ba ta ga na ubanta ba. Ta so ta miƙa wa yarinyar ta ce ta shafe. Sai ta tuna kujerar. Ta ce, "Buɗe."

Ƙasan rumbun ta fara gani, a share. Dammunan da suka rage an jingina su a bango ɗaya, ba za su kai su ko tsakiyar rani ba. A gefe kuma ga jaka shuɗiya, wadda aka ba wani a tasha, ta yi ƙiba da kaya, an aza mata sababbin takalma a kai.

"Inna, na yi laihi?" Balkisa ta tambaya, don ta ga fuskar ta sauya.

"Kin yi. Amma na yara ne. In an ɗauki abu a nan, yana tahiya wani wuri da kansa?"

"A'a, sai na tura."

"To kashe shi ina gani." Yarinyar ta shafe. "In an tambaye ki, duhu kika gani. In kika ce wani abu, ni kuma in gaya wa Tonton ɗinki wa ya hau tsani."

Suka fito. Jannatu ta ce, "To?"

"Masha Allah," in ji Raƙiya, ta wuce madafa. Jannatu ta bi bayanta da ido, ta rasa ko ta yi baƙin ciki ko ta yi shakka.

Bayan an ci tuwo, an sha rigimar dutse da kilishi har kilishi ya yi nasara, direba ya fara ɗumama mota. Sai ga Yunusu ya hau tsani da kansa, ya daɗe a ciki yana tari, ya fito da buhu ɗaure da igiya.

"Ɗan hatsi ne na tsaraba," ya ce, bai dubi matarsa ba. "Zan raka su Tawa in dawo."

"Ai kuwa ya kamata," in ji Raƙiya. "Kawo in ƙara musu yaji da gabu. A ce baƙi sun zo gidanmu sun koma da hatsi tsura?"

"Bar shi, an riga an ɗaure."

"Maigida, igiya ce, ba walda ba."

Mutane na tsaye suna kallo. Namiji ba ya jan buhu da matarsa a gaban baƙi. Ya saki. Ta ja shi ɗaki, kuma buhun hatsin nan ko nauyin ɗan akuya bai yi ba. Ta kwance, ta zare shuɗiyar jakar daga ciki ta tura ƙarƙashin gado, ta juye waken da ta noma a ƴar gonarta, ta ƙara gabu da busasshiyar yakuwa har buhu ya tashi, ta ɗaure. Sannan ta sauya zane, ta yafa babban mayafinta na zuwa suna.

Ta fito ta miƙa wa direba buhu. Ta wuce ta gaban mijinta, ta gaban Alhaji Hasan, ta kama ƙofar mota ta ce bismilla, ta zauna a kujerar.

"Ke, mi ke nan?" in ji Yunusu.

"Rakiya. Baƙin nan rabinsu mata ne, a ce namiji ya raka su? Kai ka zauna da tarinka, hanyar nan duk girgiza ce. Dama ina son in ga ƙanena Alƙasum."

Alhaji Hasan ya yi ƴar dariya. "Matarmu, ai da kin bari. Akwai ƴar maganar da ba mu ƙarasa ba ni da shi."

"Ta albasa? Ku ƙarasa a salula."

"To a matsa, ya shiga shi ma."

"Taya ba ta son nauyi, Alhaji."

Isufu, wanda tun safe yake neman inda zai rama, ya leƙo ta taga. "Tonton, ba kai ka ce abin da masu gida suka ce shi ke nan ba? Ba gardama. Mu tahi, kilishi na ƙarewa."

Duk motar ta goyi bayansa, karo na farko da suka yarda da abu ɗaya tun da suka baro Abijan. Yunusu ya dubi maƙwabta da suka taru, ya dubi Jannatu a gaba-gaba. Mi zai ce? Ya ce shi ba rakiya zai yi ba, gudu zai yi don rumbu ya kusa ƙarewa? Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai da suka wuce Barmu Alhaji Hasan ya juyo, ya sassauta murya.

"Raƙiya, taimakonsa na so in yi. Gadin shago ne, zama kawai. Kin san halin da rumbunsa..."

"Rumbunsa lahiya lau. Kai ka leƙa?"

"A'a."

"To ni ma ba a leƙawa da ni." Balkisa ta sunkuyar da kai tana wasa da salula. "Gadin dare, a damshin Abijan, da ƙirjin nan? Alhaji, kun kai mana wana ba ku dawo da shi ba. Wanga ku bar mana shi. In kana son gadi, ga Isuhu nan, ko ɓarawo ya gan shi ya sake shawara."

A Tawa ta sauka gidan Alƙasum, inda take da awaki a hannunsa ana yi mata kiwo, abin da ko Jannatu ba ta sani ba. Ran kasuwar dabbobi aka kai biyu aka sayar, ta dawo gida a motar ƙauye da buhunan hatsi. Ta sauke su a ƙofar gida da rana tsaka, inda kowa zai gani, ta ce tukuicin ƴan Abijan ne, mutanen kirki, sai dai ba su iya gaisuwa ba.

Yunusu na zaune a zaure. Ya dubi buhunan, ya dube ta.

"Kin raka baƙi?"

"Na raka su. Suna gaishe ka. A kai wannan rumbu, ni ban san ko da sauran wuri a ciki ba."

Ya gyara hularsa. Sannan ya ce, "A matsa, ya shiga."

Sababbin takalman ta ajiye masa a bakin gado, da su yake zuwa Juma'a yanzu. Jakar kuwa tana rataye a ɗakinta, ta cika ta da daddawar batso. Ko an wanke ta da sabulu, ba direban da zai yarda a sa masa ita a mota don wari. Jannatu ta zo mayar da maburgi, ta shaƙi ɗakin, ta dubi jakar ta ce kamar ta san ta. Raƙiya ta ce jaka shuɗiya ai ta cika duniya, ta ɗebo mata daddawa biyu ta sallame ta.