Bidiyon da Inna Barira Ta Ƙi

"Sauke abin nan, Rahama. Ban ɗaura kallabi ba."

"Inna, ai haka ake so," in ji Hammadu daga bakin ƙofa. "Yadda kike ɗin nan ake so mutane su gani."

"Wa yake so? Kai?"

Ni dai ina tsaye a tsakiyar ɗakin da kyamara a hannu, na rasa wanda zan bi. Inna Barira maƙwabciyata ce a gidan hayarmu na unguwar Fegge a garin Anaca, ƙofarta na kallon tawa, kwata ce kawai a tsakaninmu. Shekara talatin da ɗaya tana tuyar waina a bakin Kasuwar Ochanja. Hammadu ɗanta ne tilo, direban keke mai ƙafa uku. Ni kuwa sana'ata ɗaukar bidiyon mata, kamu da suna da walima, irin wuraren da ba a son namiji ya kutsa da kyamara. In ɗauko, in zuba a kwamfuta, in yanke in haɗa, in sa kiɗa.

Ƙodar Inna ce ta gaza. Likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako, ba fashi. Hammadu ya sayar da kekensa ya koma tuƙa na wani, kuɗin suka kai wata biyu suka ƙare. Shi ne mutanen gida suka ba shi shawara a yi mata bidiyon neman taimako, irin wanda ake sawa a waya, majinyaci a kwance, lambar asusu na wucewa a ƙasa.

Sai da ta ɓata mana kusan awa guda. Ta sa na buɗe akwati na ciro mata atamfarta ta Sallah. Ta zizara kwalli. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ta ce a ja zane a rufe su. Ta ce a ɗaga ta a jingina da bango, a kawar da roban da take amai a ciki. Sannan ta gyara ɗaurin kallabi ya karkata gefe ɗaya kamar mai zuwa biki.

"To, kunna."

Na kunna.

"Salamu alaikum jama'ar waya. Ni ce Barira mai waina ta Ochanja. In kun taɓa cin wainar da ta fi tawa a garin nan, ku zo ku faɗa min a gaban idona. An ce ƙodata ta gaji. To ta yi ƙoƙari, ni ma da aka ba ni aikinta da tuni na gudu."

"Inna!" Hammadu ya dafe kai. "Abeg, ki ce a taimaka."

"A taimaka a daina sa wa waina sikari har ta zama alewa. Shi ne roƙona."

Minti goma sha biyu ta yi tana zuba. Ta ba da labarin ranar da ruwa ya ci Fegge ta yi tuya a kan tebur, ƙafarta cikin ruwa. Ta gaida matan Ibo 'yan layinta da yarensu, ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina dariya ta sa kyamarar rawa a hannuna. Da muka fito tsakar gida Hammadu ya tare ni, idonsa ya kaɗa.

"Wa zai ba wannan ko sisi? Rahama, ke kika san aikinki. Ki gyara."

Na ce to, Yaya Hammadu. Kuma wallahi na gyara, kada ma wani ya ɗauka ni waliyyiya ce a labarin nan. Washegari da hantsi na juye hoton cikin kwamfuta na zauna a kansa. Wanda bai taɓa wannan aiki ba bai san abin da ke ɓoye tsakanin magana da magana ba. Mutum yana gama dariya, kafin ya kama wata maganar, akwai ɗan sakan ɗaya ko biyu da fuskarsa ke sakin jiki. A nan na same ta. Nan ta runtse ido. Can ta dafe kwiɓi. Can kuma ta buɗe baki tana neman numfashi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tsincewa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sai dai ni tsakuwar nake ajiyewa, shinkafar nake zubarwa. Na jera su, na rage musu gudu, na tsotse kalar atamfar har ta koma toka-toka, na ɗora wani sauti mai sa kuka. Sakan arba'in ya fito. Aiki ya yi kyau, ni kaina da na kalla sai da na ji ƙwalla.

Kuskurena ɗaya, na bar ƙofata a buɗe, Inna na jiyowa daga ɗakinta.

"Rahama! Wa ya mutu kike sa wannan kiɗan?"

Ba yadda na iya, na ɗauki kwamfutar na tsallaka kwata. Na ɗora mata a cinya na danna. Ta kalla tun daga farko har ƙarshe. Ta ce in maimaita, na maimaita.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Inna."

"Ƙarya kike. Ni na yi magana, wannan kurma ce. Ina wainata? Ina gaisuwar da na yi wa mutane?" Ta ɗago ta dube ni. "'Yar nan, kin cire ni kin bar ciwon. Ni da na goya ki ranar da uwarki ta tafi haihuwar ƙaninki."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Inna, don ki rayu ne."

Ta yi tsaki mai tsawo. Sannan ta gaya min abin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Lokacin da mijinta Yero, dillalin shanu, ya rasu a nan Anaca, Hammadu yana shekara huɗu, 'yan'uwansa sun zo daga gida su kwashe su. Ta ce ba ta zuwa, a nan ta san hanyar abincinta. Wan mijin ya tsaya a wannan tsakar gidan, gaban kowa, ya ce mace ba miji a Kudu ƙarshenta bara, kuma suna nan za su ji labari.

"Yana nan da rai, Rahama. Ya tsufa, amma jikokinsa duk suna da waya. Shekara talatin da ɗaya ban miƙa wa ɗan'adam hannu ba sai don in ba shi canji. Yanzu da na zo gangara za ki aika masa da ni a kwance, da lamba a ƙarƙashin haɓata?"

"To ya kike so a yi?"

"Mayar da ni ciki. Duka. In za su bayar su ba Barira, in ba za su bayar ba Allah ya ba su lafiya."

Na mayar da ita. Minti goma sha biyun nan na sa a shafina yadda suke, ban taɓa ko sakan ɗaya ba, sai ɗan bayani da na rubuta a ƙasa. Mutane suka yi ta kallo suna turawa. Abin da suke rubutawa kuwa, "Wannan tsohuwa ta fi mu lafiya," da "Mama, you too much." Na riƙa karanta mata tana ƙyaƙyata dariya har tari ya sarƙe ta. Taimako ya shigo, amma ɗan kaɗan. Wanki uku ya yi, sannan shiru.

Mako biyu bayan haka jikinta ya rikice. Fuskar ta kumbura, numfashi sai ta zauna take samunsa. Wata ranar Laraba da azahar Hammadu ya shigo ɗakina ko sallama babu, ya ajiye wayarsa a kan kwamfutata.

"Na ɗauka da safe, ba ta sani ba. Ki sa lamba kawai ki tura."

Na kalla sau ɗaya. Inna ce a ƙasa, kai ba ɗankwali, furfura a hargitse, tana nishi tana kiran sunan uwarta. Wannan ba ya bukatar kiɗa ko rage kala. Na sani sarai, in na sa shi kafin magariba waya za ta fara ƙara. Na san aikina.

Na tura masa wayarsa.

"Ba zan sa ba, Yaya Hammadu."

"Uwarki ce ko tawa?"

"Taka ce. Shi ya sa ga wayarka, ga yatsanka. Ba sai da ni ba. Ka tura da kanka."

"Ke ake bi a shafi! Ni wa ya san ni?"

"Ka tura wa mutum goma, su za su ƙarasa maka. Ka san haka."

Ya ɗauki wayar. Ya daɗe yana kallonta a tsaye. Ya zage ni da Hausa, ya ƙara da turancin kasuwa, ya ce ni da ita duk kanmu ɗaya, taurin kai zai kai mu ya baro. Ya fita ya buga min ƙofa har labule ya faɗo. Amma bai tura ba. Da ya tura da na gani.

Da la'asar na shiga kai mata kunu. Tana jingine, ido a rufe.

"Ya kawo miki?"

"Me, Inna?"

"Kar ki raina min hankali. Ido na rufe, ban mutu ba. Na gan shi tsaye a kaina da waya." Ta ja numfashi da ƙyar. "Kin sa?"

"Ban sa ba."

"Shi fa?"

"Shi ma bai sa ba."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ɗaya, ba ta share ba.

"Ɗan halak," ta ce. "Kar ki gaya masa na sani, zai ji kunya. Miƙo min kunun, kuma in ya yi tsami ki koma da abinki."

Kwana tara ta ƙara. Ranar Juma'a da safe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, matar mai gidan hayarmu ta ƙwanƙwasa min. Hammadu na riƙe da ita ta cika. Mu mata muka yi mata wanka, ni na zuba ruwa. Matan Ochanja suka rufe rumfunansu suka zo, Ibo da Hausawa, suka cika tsakar gida har bakin titi, wasu a tsaye cikin ruwa da leda a ka.

A zaman makoki na ji abin da ake cewa, don ba a ɓoye ake faɗa ba. Wai da Rahama ta sa bidiyon nan da matar nan tana nan. Wata ma ta faɗa a gabana, tana kallon gefe. Na ce mata, "Hajiya, da bakinta ta ce a'a, kuma hankalinta ya fi nawa da naki a haɗe." Aka ce ba ni da kunya. To, a ce. Amma kada in yi muku ƙarya, maganar tana cina. Wataƙila da ta ƙara wata shida, wataƙila shekara. Ina son matar nan, kuma ina cikin waɗanda suka bar ta ta tafi. Da za a maimaita, abin da na yi shi zan sake yi, wannan kuma bai taɓa rage min zafin ba.

Hammadu bai yi min magana ba har aka yi bakwai. In mun haɗu a bakin famfo sai ya juya baya. Ranar da aka kwashe tabarmi, da yamma, ina zaune ina haɗa bidiyon sunan wasu, sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Rahama."

"Na'am, Yaya Hammadu."

"Ban yafe miki ba tukuna."

"Na sani."

Ya miƙo wayarsa ba tare da ya shigo ba. "Wancan na ranar Laraba ne kaɗai hotonta mai motsi da na taɓa ɗauka da hannuna. Duk lokacin da na buɗe waya shi nake gani." Ya ƙara miƙo wayar. "Na kasa gogewa. Ki goge min. Ki zuba min wanda ta yi maganar sikari, mai kyan, ba wanda waya ta matse ba."

Na karɓa. Na goge wancan a gabansa, na nuna masa ya tafi. Sannan na jona wayar da kwamfuta na fara turawa. Hoton yana da nauyi, wayarsa kuma tsohuwa ce, kwamfutar ta ce sai an jira minti ashirin.

"Shigo ka zauna," na ce.

Bai shigo ba. Ya tsuguna a dokin ƙofa, ya ba ni baya, yana kallon ɗakinta da aka sa wa kwaɗo. Yayyafi ya fara, mata suka fito da gudu suna kwashe shanya. Shi bai matsa ba. Muka zauna a haka, ɗan koren layin da ke nuna turawar a kwamfuta yana jan jiki a hankali daga hagu zuwa dama.