Telan da Keke Ke Kira

Tela ne a bakin titi, shagonsa tsakanin na mai aski da na mai gyaran waya. Wata rana ya daina ɗinki. Sai ya zauna gaban keken ɗinkinsa, hannu a cinya, yadin mutane na taruwa. Da matarsa ta matsa masa, ya ce keken ne ke kiran sunansa.

Ita ta kai shi asibiti. Suka wuni a benci ƙarƙashin allon da aka rubuta sashen masu taɓin hankali. Wata mai kawo masa ɗinki ta wuce, ta gan su, ta kau da kai. Likita ya gaji, bayansu layi har waje. Ya tambayi barci da cin abinci, ya faɗi sunan cutar da Turanci, ya rubuta ƙwayoyi.

Da yayansa ya ji, ya zo gidan da faɗa.

"Ke kika kai shi can? Iska takan shiga mutum ta fita. Hauka kuwa, in aka liƙa wa gida, har jikoki."

"Yaya, ba ya barci fa."

"Gobe zan kai shi inda ya dace."

Washegari ya kai shi wurin mai maganin gargajiya. Tsoho ne, ɗakinsa cike da ƙullin saiwoyi. Ya ba telan tabarma, ya bar shi ya huta, sannan ya ce, "To, me keken yake ce maka?"

Ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan. Telan ya ce muryar marigayi mahaifinsu ce, wanda ya bar masa keken, yana cewa ɗinkinsa ya karkace. Ya yi ta magana har la'asar, yayan na kallon ƙasa. Tsohon ya ba su turare da jiƙo, ya ce a yi wa mamacin addu'a.

Muryar ba ta tafi ba, amma ranar ya ci abinci. Matar ta ci gaba da karɓo ƙwayoyin ita kaɗai, tana ce wa maƙwabta na hawan jini ne. Yana shan su da jiƙon. Da barci ya dawo, yayan ya gode wa tsohon.

Telan ya koma shago bayan damina. Ya rufe keken da zane, yana sa maɓalli da hannu. Mai aski ya leƙo.

"Maigida, an ce iska ce. Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji shi, yana neman kafar allura.