Saniyar Baffa Bobbo

Ni fa ban so zuwa gidan nan ba. Shef, wato shugaban ofishinmu, shi ne ya ce duk ma'aikatan ofishin kiwo na Gure sai mun je mun ga Gidan Amana, wani ɗan gidan tarihi da tsofaffin malaman lekol, makarantar boko ke nan, suka buɗe a cikin tsohon sito, wai don a nuna wa mutane yadda cin hanci ke kashe gari. Na ce a raina, mu da muke wuni cikin kashin shanu, mu ne za a kwasa a kai kallo?

Ga shi ranar kaina ya ɗau zafi tun da safe. Baffa Bobbo ne ya iso biro, wato ofishinmu, daga Alakoss, yana son in buga masa hatimi a takardar wucewa, ya gangara da garkensa kudu ta rijiyoyin Kelle. Ciyawa ta ƙare a wajensu, gaskiya ne. Amma kwanakin baya ni da kaina na je na duba garken nan, na ji yadda shanun ke tari, na ga majina. Ciwon huhu ne. In suka sha a rijiya ɗaya da shanun mutane, an gama da kowa.

Da wani ne, da tuni na ce a'a na ci gaba da aikina. Amma Bobbo ba wani ba ne. Lokacin da aka turo ni Gure daga Maraɗi ban san kowa ba, a rugarsa na fara cin abinci da hannu biyu. Da na haihu, ya aiko mini da jar karsana habbanaye. Wanda bai san habbanaye ba, aro ne na zumunci: makiyayi ya ba ka saniya, ka sha nono, ta haifa maka, ɗan ya zama naka, sannan ka mayar da uwar. Daga ranar kun zama dangi. Saniyar nan tana ɗaure a gidana, ga ciki ya tsufa.

Sai na yi abin da matsorata ke yi. Na ce, "Baffa, ka jira ni in dawo, shef zai kai mu wani wuri."

Mai kula da Gidan Amana wani dogon tsoho ne, Mushe Zubair (haka muke kiran malamin lekol, Mushe), ya koyar da rabin garin nan karatu, har yanzu kuma kallon kowa yake kamar wanda bai yi aikin gida ba. Ya zaga da mu. Ga tiya da aka buge wa gindi don ta rage awo. Ga bulon siminti na wani aji da ya rushe, ka murza shi da yatsa ya zube, yashi ne zalla. Ga kwalaben allurar rigakafin dabbobi da aka cika da ruwa. Nan kam raina ya ɓaci, wallahi, don na san abin da kwalba ɗaya irin wannan ke yi wa garke. Abokan aikina kuwa sai ɗaukar hoto suke da waya.

Muna tsaye gaban kwalaben sai na ji sallama da muryar da na sani. Na juya. Baffa Bobbo! Ashe ya gaji da jira, ya yi tambaya, an nuna masa inda muke. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya jingine sanda, ya tambayi wane ne maigidan. Aka nuna masa Mushe Zubair. Sai ya zura hannu cikin jaka ya fito da cuku, fari tas, a naɗe cikin ƙyalle, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ɗan gaisuwa, Malam."

Wayyo Allah. Ɗakin ya fashe da dariya. Hamza direbanmu har da riƙe ciki, yana cewa, "Baffa, a nan? A nan ɗin?" Bobbo ya tsaya da cuku a hannu yana duban fuskoki. Shi dai abin da ya sani, ba a shiga gidan mutum karon farko hannu wofi. Haka aka haife shi, haka ya tsufa. Na ji kamar in mari Hamza.

Mushe Zubair bai yi dariya ba. Ya ce, "Na gode, Ardo. Amma gidan nan ba ya karɓar komai daga kowa. Ka riƙe abinka."

Kunya ta kama Bobbo, kuma shi in kunya ta kama shi sai ya nemi dangi. Ya nuno ni da haɓa.

"Ni ba baƙo ba ne a garin nan. Ku tambayi Bara'atu, saniyata tana gidanta. Ƴata ce. Takarda ma na zo ta buga mini, mu wuce."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Shef ya juyo ya kafa mini ido. Ya san garken, ni na kai masa rahoto. Sauran suka shiga kallon ƙasa, ni kuwa na san abin da za a faɗa a garin nan kafin la'asar: Madam ta kiwo, ashe saniya ake ba ta.

Na juya ga Mushe Zubair cike da haushi. Na ce, "Mushe, ka faɗa musu. Habbanaye cin hanci ne?"

Ya ce, "A'a. Da cin hanci ne da kin gan ta a ɗakin nan. Sai dai ke za ki gaya mana ko yau ta zama."

Kai, tsohon nan! Ya jefo mini abin ya koma gefe ya harɗe hannu.

Na dubi Bobbo. Ya rame. Na san ba mugunta ta kawo shi ba, yunwar shanunsa ce. Na kuma san rijiyoyin Kelle, na san matan da ke tatsar saniya ɗaya tak su ciyar da gida.

Na ce, "Baffa, ba zan buga ba. Shanunka na da ciwon huhu. Ba za su motsa daga inda suke ba sai sun warke."

"A gaban mutane kike gaya mini haka?"

"A gaban mutane ka tambaye ni."

Ya mayar da cukun cikin jaka a hankali. Ya ce, "To. Ki ba ni saniyata."

Duk wanda ke ɗakin ya san nauyin maganar. Ba a karɓe saniyar habbanaye tana da ciki. Wanda ya yi haka ya yanke zumunci ke nan. Na ga shef yana gyaɗa mini kai, wato ki ba shi, ki wanke sunanki, a wuce wurin. Kuma da sauƙi ai: in kwance igiya in miƙa, kowa ya ce Bara'atu mai gaskiya ce.

Na ce, "Ita ma ba zan ba ka ba."

Hamza ya ce, "A'a, Madam!"

"Yi mini shiru, Hamza. Baffa, in na mayar da ita cikin garken nan, ita ma ta kamu. Yau a duk shanunka ita kaɗai ce nake da tabbacin lafiyarta. Tana nan a gidana, ni zan ci da ita. Ranar da garkenka ya warke ka aiko a ɗauke ta. Abin da ta haifa ma naka ne, ba na so. Wanda zai yi magana a gari ya yi."

Bobbo ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kin ƙi ɗan? To ba habbanaye ke nan ba. Makiyayiya kawai na ɗauka aiki."

"Ka kira ni abin da ka ga dama."

Ya sa takalmansa, ya ɗauki sandarsa, ya fita ba sallama. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na fita bayan sito na yi kukana, na share, da muka koma biro na ce wa shef ina son mota da magani da buhunan dusa, kuma ba zan bar bironsa ba sai ya sa hannu. Ya sa.

Washegari muka isa Alakoss rana ta take. Rugar tsit, sai tarin shanu. Bobbo yana zaune a gindin aduwa. Na yi sallama, ya amsa ciki-ciki bai ɗago ba. Matarsa Mariyama ta fito daga bukka da tabarma a hammata, za ta shimfiɗa mini kamar kullum.

Bobbo ya ce, "Bar ta. Ma'aikaciya ce, aiki ta zo yi."

Mariyama ta tsaya da tabarmar, idonta ya cika. Na ajiye akwatin magani a kan yashi, na naɗe hannun riga.

Na ce, "Haka ne, Baffa. Tashi ka kama mini saniya ta farko."