Kunyar Ɗan Fari a Kongolam

Tun da jarrabawar shiga jami'a ta sake kayar da Zakiyyu, yaron ya daina cin abinci. Sai ya zauna a zaure ya zuba wa bango ido, a yi masa magana ya firgita. Ubansa Malam Sada kuwa maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, wato faɗa.

"Kai ba namiji ba ne? Sa'o'inka suna Katsina suna karatu, kai kana nan kana korar ƙudaje!"

Uwarsa Barakatu tana gani, zuciyarta na ƙuna, amma ɗan fari ne. A danginsu na Sandamu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta zaunar da shi ta tambayi damuwarsa. Sai dai ta dama fura ta miƙa wa ƙanwarsa Ummi, ta ce, "Kai wa wancan." Furar ta dawo yadda ta tafi. Wai kunya! Yaro yana ƙarewa a tsaye, ana ta kunya.

Ranar Lahadi da hantsi Ummi ta shigo a guje.

"Inna, Yaya ya tafi Kongolam! Ya ce zai bi masu zuwa Agadas, wai ba shi da amfani a gidan nan."

Barakatu ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta figi mayafi, takalmi wari da wari, ta tari mota. Duk hanya tana tuno 'ya'yan mutane da suka shiga hamada ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Tsoro ya kama ta har ta kasa haɗa addu'a.

A tashar Kongolam, can bakin iyaka, ta hango shi a bayan a-kori-kura, ya dunƙule tsakanin buhuna. Direba ya riga ya tada mota.

"Kai! Kai yaro!"

Yaran tashar duk suka waiwayo, ban da shi.

"Yayan Ummi!"

Ƙarar injin ta haɗiye muryarta. Motar ta fara tafiya. Barakatu ta bi ta da gudu, mayafi ya faɗi, harshenta ya yi nauyi kamar ba nata ba.

"Zakiyyu! Zakiyyu, don girman Allah kada ka tafi ka bar ni!"

Ya ɗago a razane. Ya daddaki ƙarfen motar, ya diro tun ba ta gama tsayawa ba. Ya tsaya yana kallonta, ita tana haki, ta damƙe wuyan rigarsa da hannu biyu a gaban jama'a.

"Inna," ya ce, hawaye na bin fuskarsa, "ashe kin san sunana?"